Auta Ta Faɗa, Malam

Ranar Laraba, ashirin da uku ga watan Agusta, da hantsi, ina tsaye gaban allo ina koyar da 'yan aji uku, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Ba na ɗaukar waya a cikin aji, kai ka hana mu tun muna ɗalibai. Amma da na leƙa na ga 'yarka Likita ce, sai na fita baranda. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Yaya, Baba ya tafi." Na daɗe riƙe da ƙarfen barandar kafin na iya komawa na sallami yaran. Daga Allah muke, kuma gare Shi dukkanmu za mu koma.

Ga wanda bai san ka ba, Malam, kai farfesa ne a fannin injiniyan lantarki, kuma ka ƙarar da fiye da shekara arba'in kana binciken eriya, wato ƙarfen nan ko wayar nan da ke kamo magana daga iska ta miƙa wa rediyo ko wayar hannu. Ni ne ɗalibin farko da ka yaye a digiri na uku, shi ya sa kake kira na Ɗan Fari, har bayan furfura ta cika min kai. Ɗalibarka ta ƙarshe kuwa Auta kake ce mata. Dole in ambace ta tun yanzu, domin ka rasu ba ta kare kundinta gaban masu jarrabawa ba, kuma a cikin kundin akwai babi guda da ke cewa aikin da ya fito da sunanka duniya akwai kuskure a cikinsa. Amanar da ka bar min ita ce in tabbatar ta faɗi haka da bakinta. Na yi wannan rubutu ne don in yi maka ta'aziyya, in kuma ba ka labarin yadda aka ƙare.

Bari in fara da abin da ka sha gaya mana. Mahaifinka mai gyaran rediyo ne a wata rumfa cikin kasuwa, kuma ka iya narka dalma ka liƙa waya kafin ka iya haɗa baƙi. Kakan nuna mana tabon ƙuna a babbar yatsarka ka ce wannan ce takardar shaidarka ta farko, sauran duk daga baya suka zo. Ka tafi karatu ƙasar waje, suka so su riƙe ka, ka ƙi. Ka dawo aka ba ka wani sito a ƙarƙashin bene, cike da karyayyun kujeru, aka ce ga ɗakin gwajinka. Da hannunka ka share shi. Daga baya mu ɗalibanka muka taya ka manne bangon da soso mai tsini-tsini, wanda ke shanye igiyar rediyo don kada ta bugi bango ta dawo ta ɓata awo. Mun yi wata da watanni hannuwanmu na warin gam, matanmu na mita.

A ƙofar wannan ɗaki ka ajiye wani kwanon roba shuɗi. Duk mai shiga sai ya zube makulli, agogo, zobe da duk wani ƙarfe da ke jikinsa a ciki. Kana cewa ƙarfe ɗan gulma ne, in yana kusa da eriya sai ya sa baki a maganar da ba tasa ba. Na ga ranar da shugaban jami'a ya kawo baƙi yawon gani da ido, ka tare shi a ƙofa da murmushi, ka miƙa masa kwanon. Ya zaci wasa kake. Sai da ya cire agogonsa da tabarau mai ƙarfe, ya shiga yana lalube, kai kuma kana riƙe da hannunsa kana yi masa bayani kamar ba abin da ya faru.

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a sashenmu ya sani, kai kuma ka fi kowa sani. Lokacin da wata mujalla ta dawo min da maƙalata ta farko, an yi mata kaca-kaca, na shigo ofishinka ina kumfar baki, ina cewa hassada ce. Ka bar ni na gama. Ka dafa shayi a 'yar butar nan taka mai lanƙwasasshen hannu, ka zuba min, sannan ka ce in karanta maka gyararrakin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kai ƙarshe muryata ta yi ƙasa, domin mutumin ya fi ni gaskiya. Sai ka ce, "Ɗan Fari, matsalarka ɗaya. Kai eriya ce mai watsawa kawai, ba ka karɓa." Na ji haushi a ranar. Yau ni nake faɗa wa ɗalibaina haka, kuma su ma suna jin haushi.

Alherinka ba mai hayaniya ba ne. Shekarar da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, na tafi gida ban ko sallami kowa ba. Da na dawo ina fargabar abin da zan tarar, sai na iske ka ɗauki dukkan azuzuwana ka haɗa da naka, ka duba takardun jarrabawar yarana, ba ka kuma taɓa tayar da zancen ba. Wata ɗaliba da ta haihu ana tsakiyar bincike, ka kwashe na'urar awo ƙarama ka kai mata gida a bayan motarka, ka zauna a tsakar gida kana jijjiga jaririn tana haɗa wayoyi. Gidanka kuwa namu ne. Matarka, wadda duk muke kira Mama, tsohuwar malamar firamare, ta ciyar da injiniyoyi fiye da yadda za ta iya tunawa, kuma har yau in ta ga ɗayanmu ya rame sai ta ce, "Wannan Malaminku ne ya hana ka barci ko?"

Aikin da ya ɗaga sunanka ka yi shi ne a shekarar da ka dawo, tun siton nan bai zama ɗakin gwaji ba, ba ka da ɗalibi ko ɗaya. Ka ƙera wata 'yar eriya da wayar tagulla da faranti, mai sauƙin haɗawa, don asibitocin ƙauye da ke nesa da ƙarfen sabis su iya kiran likita a gari. Ka hau rufin sashenmu ka auna ƙarfinta, ka fitar da ƙa'idar lissafi da ke nuna iyakar nisan da za ta kai. Ƙa'idar ta shiga littattafai da sunanka. Da ita aka koyar da ni, da ita na koyar da wasu.

Auta ta zo maka ne bayan ta yi shekaru tana aiki a kamfanin sadarwa, da aurenta da 'ya'yanta biyu. Ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu sai dai ka gaji. Aikinta shi ne ta ƙara inganta eriyarka, don haka ta fara da ƙera irinta ta auna a ɗakin soso. Lambobin suka fito ƙasa da naka. Ta ce hannunta ne, ta sake ƙerawa. Ta ce wayar ce, ta sauya. Ta kira ni na duba, na ce na'urar ce ta tsufa, muka aro wata daga wani sashe, lambobin suka ƙi motsi. Ta ɗora laifin a kan komai da kowa, ni ma haka, amma ko a mafarki babu wanda ya kawo cewa kai ne. Ana haka wa'adin da jami'a ke ba ɗalibi ya kusa cika. In ba ta kare kundi a wannan zangon ba, za a soke sunanta, shekarunta su tafi a banza. Na sha tarar da ita a ƙofar ɗakin gwaji zaune a kan benci, ta zuba wa takardunta ido, ba ta karanta komai.

A lokacin ciwon zuciya ya riga ya zaunar da kai a gida. Wata rana bayan la'asar ka aiko mu zo da duk takardun. Muka same ka a falo kan kujerar nan mai jingina, an rufe maka ƙafafu da bargo, kwalaben magani jere a kan rediyon mahaifinka da ba ka yarda a taɓa ba. Ka daɗe kana duba awon Auta. Ka tambaye ta yadda ta haɗa kowace waya, ta amsa, ka gyaɗa kai. Sannan ka ɗaga murya ka kira Mama daga kicin. Ashe ranar da ka yi wancan awo na farko ita ce ta raka ka saman rufi, kai kana juya eriya kana kiran lambobi, ita tana rubutawa.

Ka ce, "Malama, ranar nan da muka hau rufi, ina kika zauna?"

Ta ce, "Ina zan zauna kuwa, da tsohon ciki, rana tana dukan mutum? A inuwar tankin mana, a bayanka."

Na ce, "Mama, wane tanki?" Domin na fi shekara talatin ina hawa rufin nan, ban taɓa ganin tanki ba.

Ta ce, "Tankin ruwa na ƙarfe, ƙato, ya kai wannan falon. Ai yoyo ya yi suka sauke shi, tun kafin ka zo."

Mu uku mun gane a take. Ƙarfe mai faɗi haka a bayan eriya yana maido da igiyar rediyo gaba, kamar yadda bango ke maido da murya, sai ƙarfin ya ƙaru. Abin da ka auna a ranar, ƙarfin eriya ne haɗe da na tanki. Na kalli Auta, ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin. Kai kuwa sai ka fashe da dariya, har tari ya sarƙe ka, Likita ta fito da gudu. Da ka samu numfashi ka ce, "Shekara arba'in ina ƙwace wa mutane makulli a ƙofa, ashe ni da tanki guda na shiga!" Mama ta ce da ka tambaye ta tun tuni da ta gaya maka, ta koma kicin abinta.

Washegari muka jingina fallen kwanon rufi a bayan eriyar Auta muka sake awo. Lambobin suka haura suka tsaya daidai inda naka suke. Ban taɓa ganin sakamako mai kyau da ya sa ɗalibi kuka irin wannan ba.

Daga nan rigimar ta fara. Auta ta ce ba za ta rubuta ba. Ta ce ba ta zo jami'a don ta tozarta ubanta ba, gara a soke sunanta. Ni kuma na kawo shawarar da nake gani ta dattaku: a rubuta cewa an samu ɗan bambanci saboda yanayin wurin awo, mai hankali zai gane, sunanka kuma ya tsira. Muka je maka da wannan. A duk zamana da kai, ranar ce kaɗai na ga ranka ya ɓaci da gaske. Ba ka ɗaga murya ba, ba ka da ƙarfin haka ma. Ka ce, "Ku saurara. Gobe wani yaro zai buɗe littafi, ya yi lissafi da ƙa'idata, ya kafa eriyar nan a asibitin da ya wuce iyakarta. Ranar da mace za ta kasa haihuwa a nemi likita, ta ƙi kaiwa. Wa za a tambaya? Ni. Ina kabari za a tambaye ni. Wannan karar da kuke min ba ƙauna ba ce." Sannan ka juya wajenta ka sassauta. "Auta, 'yata, ba ki zage ni ba. Kin auna daidai, ni na auna ba daidai ba. Rubuta kuskure, ki sa sunana a gefensa."

Ta rubuta babin, tana yi tana gogewa. Ka karanta shi a kan gado, ka gyara mata waƙafi biyu, ka zare wata jimla da ta cika yabonka, ka ce wannan ta ajiye sai ranar ta'aziyya. Sannan ka sa hannu. Zuwana na ƙarshe wurinka, ka riƙe min hannu ka ce, "Ɗan Fari, rubutu daban, faɗa a gaban mutane daban. Na san yarinyar nan, za ta so ta lulluɓe ni. In ban kai ranar ba, ka tsaya mata." Na ce za ka kai, da yardar Allah. Ka yi murmushi irin wanda kake yi in ɗalibi ya ba da amsar da bai auna ba.

Ba ka kai ba. Mun raka ka makwancinka da yammacin ranar Larabar, tsofaffin ɗalibanka suka zo daga ko'ina, wasu ban gan su ba tun suna samari. Ba a fi mako biyu ba ranar kare kundi ta zo, kuma babu halin ɗagawa. Ana gobe za a yi, Auta ta shigo ofishina ta rufe ƙofa. Ta ce, "Yaya, zan cire babin nan. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, in tsaya gaban jama'a in ce ya yi kuskure? Da wane baki?" Na so in yi mata tsawa irin tawa, sai na tuna shayinka. Na zaunar da ita, na maimaita mata abin da ka ce min, kalma da kalma. Ta ɗauki jakarta ta fita.

An yi zaman ne a ɗakin taro na sashe, fanka na juyawa, ɗalibai cike har bakin taga. Mama da Likita suna zaune a layin baya. Mai jarrabawa na waje wani dattijon farfesa ne daga wata jami'a, abokinka tun kuna ɗalibai, wanda shi ma ya yi shekaru yana koyar da ƙa'idarka. Auta ta yi bayani tsaf har ta iso babin. Nan muryarta ta canza. Na ji ta ce, "An samu ɗan bambanci tsakanin awona da na baya." Lulluɓewar da ka hango ke nan. Doka ba ta ba ni damar sa baki ba, sai na ƙura wa teburin ido.

Dattijon ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Malama, bambanci iri-iri ne. Wannan bambanci ne ko kuskure? In kuskure ne, na wane ne?"

Sai ta ɗago kai ta ce, "Kuskure ne, ranka ya daɗe. Kuskuren Malamina ne. Ya yi awo akwai tankin ƙarfe a bayansa, bai lura ba. Eriyar tana aiki, amma ba ta kai nisan da ƙa'idar ta ce ba. Ga ƙa'idar da ta dace." Ta juya ga allo ta rubuta, hawaye na zuba, alli bai tsaya ba. Ta faɗa, Malam. Har na layin baya sun ji.

Bayan an fitar da jama'a an tattauna, aka kira ta aka ce ta ci. Dattijon ya miƙe ya ce mata, "Barka, Dakta." Sannan ya gaya mana abin da ba mu sani ba. Ya ce ka kira shi a waya kwanaki kaɗan kafin rasuwarka, ka ce, "In 'yata ta yi min kara a gabanka, kada ka bar ta ta wuce. In ta faɗi gaskiya, ka sa mata albarka a madadina." Ya ce tun safe yake addu'a kada ta sa shi cika na farkon. Ya sa mata albarkar, Mama ta taso ta rungume ta.

Na yi kewarka, Malam, kewa mai tsanani. Nakan kama kaina na nufi ofishinka da wata tambaya, sai na kai ƙofa in tuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta zauna da kai tun kana hawa rufi da eriya a hannu har zuwa numfashinka na ƙarshe. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya saka mata da Aljanna. Ina yi wa Likita da ƙannenta da jikoki ta'aziyya, da 'yan'uwa, da abokan aiki, da ɗalibanka duk inda suke, musamman Dakta Auta, wadda ta yi rashin uba a lokacin da ta fi bukatarsa. Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka shi, Ka sa ilimin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana. Ka sada shi da iyayensa cikin rahama. Ya Ubangiji, wannan bawa naKa ya tona kuskurensa da hannunsa a gaban mutane don kada wani ya cutu a bayansa. Sauran kurakuransa, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba, Ka rufa masa asiri a kansu ranar da za a auna kowa. Amin.